Gilashin Mota Mai Rubutu: Ina Amfaninsa Ga Direbobinmu Na Kambole Da Sokode Da Dapango?

Mu Hausawan ƙasar Togo hanya ce ta kawo mu, kuma har gobe a bakin hanya yawancinmu ke neman abinci. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, suna ratsa Jugu da ƙasar Kotokoli, wasu kuma su bi ta Sansanin Mango. Inda suka sauke kaya nan ya zama unguwa, shi ya sa har yau ake kiran unguwanninmu Zango. Jakuna sun kau, motoci sun maye gurbinsu, amma sana'ar tana nan. Da wuya ka ratsa layi guda a zangon Sokode ko na Dapaong, wanda manyanmu ke kira Dapango, ba ka gamu da direba ko yaron mota ko makanike ko mai sayar da kayan gyara ba. Saboda haka duk wani sabon abu da ya shafi mota ya shafe mu, ko da a bangon duniya aka ƙera shi.

Sabon abin da muke so mu tattauna a wannan wata shi ne gilashin mota mai nuna rubutu da hoto. A watan Janairu na 2025, a wajen bajekolin kayan fasaha na CES da ake yi kowace shekara a birnin Las Vegas na Amurka, kamfanin Hyundai Mobis na Koriya ta Kudu tare da kamfanin Zeiss na Jamus sun nuna wata mota ƙirar Kia EV9 wadda gilashinta na gaba ya zama allo. Gudun mota da taswirar hanya da sauran bayanai suna fitowa a jikin gilashin, daga ɓangaren direba har zuwa na fasinja, alhali kuwa ana ganin waje tangaran. A lokacin sun ce suna fatan fara ƙera shi da yawa daga shekarar 2027.

Mai karatu yana iya cewa, to ina ruwan mai tuƙa tsohuwar bas tsakanin Kambole da Camba da abin da ake yi a Las Vegas? Amsar tana tashar jiragen ruwa ta Lome. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo kimanin miliyan 14, kuma wajen kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Lome na daga cikin manyan ƙofofin da suke shigowa. Abin da ake yayi a Jamus bana, bayan shekara goma ko goma sha biyar yana jibge a filin sayar da motoci na bakin teku, daga nan ya hau hanyar arewa. Ta haka injin mai kwamfuta ya iso mana, ya tarar da makanikanmu da dama ba su shirya masa ba. Daɗin daɗawa, a 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙa'idar rage shekarun motocin gwanjo da ake shigowa da su. In ƙa'idar ta kankama, motocin za su riƙa zuwa da ƙuruciyarsu, sababbin na'urori kuma su iso da wuri. Gara mu san abin tun bai zo ba.

Daga jirgin sama zuwa mota

Dabarar ɗora bayani a kan gilashi ba a mota ta fara ba. Sojojin sama ne suka fara bukatarta, domin matuƙin jirgin yaƙi ba shi da sukunin sunkuyar da kai ya duba agogo alhali yana keta sararin sama. Tun a yaƙin duniya na biyu ake amfani da ɗan gilashin da ke haska alamar saiti a gaban idon matuƙi, daga baya aka ƙara masa tsawon tashi da gudu da alƙibla. A 1988 kamfanin General Motors na Amurka ya sa irin wannan a mota ƙirar Oldsmobile Cutlass Supreme, inda adadin gudu ke fitowa a gilashin gaba. A 2003 BMW ya sa shi a motocinsa, sannan a 2009 Peugeot 3008 ta fito da wani ɗan ƙaramin allo mai gani-har-hanji da ke tashi a bayan sitiyari. Ƙila wasu direbobinmu sun riga sun tuƙa mota mai wannan abu, wasu ma ba su san yana ciki ba domin ya mutu tun kafin motar ta sauka a Lome.

Yadda wannan tsohon salo ke aiki kowane direba ya san shi ba tare da ya sani ba. Idan ka ajiye farar takarda a gabanka, a gindin gilashi, da rana, sai ka ga inuwarta ta bayyana a gilashin kamar tana shawagi a kan hancin mota. To haka abin yake. Akwai ɗan majigi a ɓoye a bayan agogunan mota, yana haska lamba a kan madubai, madubai su tura ta zuwa gilashi, gilashi ya maido ta idon direba. Ido yana ganin lambar kamar tana can gaba da mota da mita biyu ko fiye, saboda haka ba sai ya bar kallon hanya ba.

Salon yana da nakasu biyu. Na farko, hoton ƙarami ne. Na biyu, in ana son babban hoto sai an yi manyan madubai. A 2020 Mercedes da Volkswagen sun fito da irin wanda ke zana kibiya kamar a kan kwalta, can gaba da kimanin mita 10, yana nuna wa direba inda zai karya. Amma akwatin na'urar Mercedes ɗin ya haura lita 20, watau kusan girman jarkar mai, kuma ba kowace mota ke da wurin ɓoye jarka a bayan sitiyari ba. Wannan matsala ce ta kai masana ga hologiram.

Mene ne hologiram?

Kada sunan ya ba mu tsoro, domin yana cikin aljihunmu. A ɗauko takardar kuɗi ta jaka biyar ko jaka goma ta sefa, a karkata ta a gaban haske. Zirin nan mai ƙyalli da ke sauya launi yana nuna zane, shi ne hologiram. Ba tawada ce ke ba shi launi ba. Wasu 'yan ƙananan layuka ne da ido ba ya iya gani, waɗanda ke karya haske su aika kowane launi ta fuskarsa. Wani masani haifaffen ƙasar Hangari mazaunin Ingila, Dennis Gabor, shi ya gano dabarar a 1947, aka ba shi lambar Nobel a 1971. Sai dai ba ta yi amfani sosai ba sai da aka ƙirƙiro hasken leza a 1960, domin da shi ake iya rubuta waɗannan layuka daidai wa daida.

Kafin mu ga yadda ake sa shi a mota, sai mun san yadda gilashin gaba yake. Ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne aka manne da wata roba a tsakani, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Shi ya sa idan dutse ya same shi yake tsagewa kamar saƙar gizo amma bai zube ba, saɓanin gilashin gefe da ke wargajewa kamar gishiri. Wani Bafaranshe mai suna Edouard Benedictus ne ya yi rajistar wannan dabara a 1909, kuma Allah kaɗai ya san yawan fuskoki da idanun da ta ceta.

To a cikin wannan gilashi ne ake shimfiɗa wata siririyar leda da aka rubuta wa layukan hologiram da leza. Kaurinta kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, watau kamar silin gashi. Abin mamakin ledar shi ne zaɓe take yi. Hasken rana da na fitilun motoci da na duk abin da ke waje suna ratsa ta su wuce. Amma hasken da ya fito daga majigin motar, mai launi takamaimai, daga kusurwa takamaimiya, shi take kamawa ta juya shi zuwa inda aka tsara mata. Ledar ta ɗauke aikin manyan madubai ke nan, na'urar ta ƙanƙance, hoton ya faɗaɗa. Kuma tun da ita ke zaɓar inda haske zai nufa, ana iya sa fasinja ya kalli fim a ɓangarensa, direba kuwa ba ya ganin komai a wurin sai hanya. A bajekolin CES na 2024 Zeiss ya nuna cewa ana iya yin haka har a gilashin gefe da na baya, inda mota za ta iya nuna saƙo ga mutanen da ke waje.

Ba su kaɗai ke wannan tsere ba. Akwai kamfanin Envisics a garin Milton Keynes na Ingila, wanda fasaharsa ta shiga motocin Jaguar Land Rover. Akwai kuma BMW da ya ɗauki wata hanya dabam a 2025: yana haska bayanai a wani baƙin ziri da ke gindin gilashi daga gefe zuwa gefe, ba tare da hologiram ba. Har yanzu dai ba a tsaya a kan salo guda ba.

Lissafin daƙiƙa biyu

Mu malaman makaranta muna da wani lissafi da muke ba yara. Mota tana gudun kilomita 90 a awa, mita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya? Amsa ita ce mita 25. Idan direba ya sunkuya ya dubi agogo ko wayarsa na daƙiƙa biyu, motar ta ci mita 50, rabin filin ƙwallo ke nan, ba tare da kowa na kallon gabanta ba. Ko a gudun kilomita 60 ne, daƙiƙa biyu sun haura mita 30. A cikin wannan tazara akuya na iya fitowa, ɗan acaɓa na iya karyowa, yarinya mai talla na iya tsallakawa. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ma daƙiƙa biyun nan ta ɗauka ma'auni a 2013, ta shawarci masu ƙera motoci kada wata na'ura ta ɗauke idon direba fiye da haka a kallo ɗaya.

Wannan ita ce babbar hujjar masu gilashi mai rubutu, kuma hujja ce mai ƙarfi ga mutane irinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗarin hanya a 2021. Yankin Afirka yana da kimanin kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma wajen kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan mamata namu ne. A nan Togo alƙaluman hukuma sun nuna mutum fiye da 600 sun rasu a kan hanya a 2021, haka kuma a 2022, kuma babura na cikin yawancin haɗurran.

Mun san hanyarmu. Babbar hanya ta ɗaya ta tashi daga Lome ta ratsa Atakpame da Sokode da Kara da Mango da Dapango har Sinkase, sama da kilomita 600, kuma ita ce ke ɗauke da kayan Burkina Faso da Nijar da Mali. Tun da aka rufe iyakar Benin da Nijar a 2023 aka karkato da kayan Nijar masu yawa ta kanta. Tsagin dutsen Alejo da gangaren Defale sun ci manyan motoci har sai da aka yi musu hanyar kewaye. Ba mu manta da watan Afrilu na 2014 ba, lokacin da bas da babbar mota suka yi taho-mu-gama da dare a Talo kusa da Atakpame, mutum fiye da 40 suka riga mu gidan gaskiya. Duk na'urar da za ta tsare idon direba a kan irin wannan hanya ta cancanci a saurare ta.

A ganinmu ma akwai wani amfanin da ya fi nuna gudu. Tun a shekarar 2000 motar Cadillac DeVille ta fito da kyamara mai gane zafin jiki, wadda ke hango mutum ko dabba a cikin duhu, can bayan inda fitila ke kaiwa, ta nuna wa direba a gilashi. A tuna da garken shanu da ke tsallake hanya da almuru a arewacin Mango, ko mai keke marar fitila da ke dawowa daga gona da buhun gawayi a hanyar Camba. Gilashin da zai kewaye irin waɗannan da jan layi tun daga nesa zai hana gidaje da yawa zaman makoki.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ido yana iya fuskantar hanya alhali hankali yana wani wuri. A 1980 masu bincike na hukumar NASA ta Amurka sun gwada ƙwararrun matuƙa jirgin sama a na'urar koyon sauka, da bayanai a kan gilashinsu. Ba tare da an gaya musu ba sai aka gitta wani jirgi a kan titin saukar. Wasu daga cikinsu ba su gan shi ba sam, ga shi kuwa a tsakiyar gilashi, domin hankalinsu ya tattara a kan lambobin da ke haske. Idan haka ta faru ga matuƙan da suka sha horo, yaya direban da ya taso daga Lome da asuba, ya kai Kara da la'asar, barci na fizgarsa?

Akwai kuma bambanci tsakanin hoton da ke bayyana can gaba a kan hanya da wanda ke zaune a jikin gilashi. Na jikin gilashi yana kusa da fuska, saboda haka sai ido ya sake saiti daga nesa zuwa kusa kafin ya karanta, kana ya koma nesa. Ga saurayi wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya haura arba'in, wanda ya fara nisanta takarda kafin ya karanta ta, yana ɗaukar lokaci. Dattawan direbobinmu da yawa suna cikin wannan sahu, kuma kaɗan ne suka taɓa zuwa awon ido.

Abu na uku shi ne kwaɗayin 'yan kasuwa. Duk inda aka sami fili, mai talla zai nemi ya kafa allo. Wani kamfani na ƙasar Suwizalan mai suna WayRay, wanda Porsche da wasu suka zuba wa dalar Amurka miliyan 80 a 2018, ya nuna wata motar haya ta gwaji a 2021 wadda gilasanta za su riƙa nuna wa fasinjoji wasanni da tallace-tallace. Kamfanin ya durƙushe a 2023, amma tunanin bai mutu tare da shi ba. Ranar da saƙon waya da sakamakon ƙwallo suka hau gilashin gaba, abin da aka yi domin tsaro ya koma abin shagala.

Tsakuwa da ƙura da kuɗin gyara

Waɗanda suka ƙera wannan gilashi da hanyoyin Jamus da Koriya suka auna shi. Kibiyar da ke kwanciya a kan kwalta tana dogara da taswira mai inganci, da farin layin da kyamara za ta bi, da allunan hanya da za ta karanta. A wurare da dama a ƙasarmu layin ya goge, allon ya faɗi ko ciyawa ta rufe shi. A hanyoyin ƙasa da ke fita daga Kambole zuwa gonakin doya da na yazawa, ko masu tsallakawa ƙasar Benin, ba layi ba allo. A nan na'urar ba ta da abin faɗi, in kuma ta faɗa tana iya ɓatar da mutum. Haka nan ba ta san cewa ganyen da aka jera a kan kwalta yana nufin babbar mota ta lalace a gaba ba. Wannan karatu ne da sai ɗan hanya.

Ga kuma hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo da ƙura suna lulluɓe arewa, ƙurar ta kwanta a gilashi, waifa ta goga ta a bushe, gilashi ya yi zane-zane har fitilar da ke tahowa ta riƙa fashewa a ido. Majigi da madubansa ba sa shiri da ƙura, ba sa kuma son zafin motar da aka ajiye a rana a watan Maris a Dapango. Tabarau ma yana da nasa: wasu baƙaƙen tabarau masu kashe ƙyalli suna dusashe rubutun tsohon salon har ya kusa ɓacewa.

Babbar magana ita ce ranar da tsakuwa ta tashi daga ƙafar tirela ta sami gilashi, kuma wannan rana tana zuwa ga kowace mota. Ko a tsohon salon, gilashin na musamman ne: robar da ke tsakiyarsa ta fi kauri a sama bisa ƙasa, domin inuwar falle na ciki da ta na waje su haɗu wuri guda. In aka sa gilashi gama-gari, sai direba ya riƙa ganin lamba biyu-biyu. A sabon salon kuwa ledar hologiram tana cikin gilashin, in ya fashe ta tafi tare da shi. Tun da an ce allon zai iya maye gurbin agogunan mota, mai motar da ya sa gilashi gama-gari domin sauƙin kuɗi yana iya wayar gari ba agogon gudu, ba na mai, ba na zafin inji. Ga kyamarar da ke manne a bayan madubin tsakiya, wadda sai an sake saita ta da na'ura duk lokacin da aka canja gilashi. Direban da ke biyan balas kullum, in aka ce ya ajiye mota ya jira gilashi daga Turai, iyalinsa ne za su ji a jikinsu.

Mu ƙara da maganar harshe da ma'auni. Mota tana zuwa da harshen ƙasar da ta fito. Wadda ta zo daga Amurka da mil take lissafi, kuma mil 60 ya kusa kilomita 97. Wanda ya ga 60 na haske a gabansa ya ɗauka kilomita ne, ya shiga gari da gudun daji. Yawancin motoci ana iya juya musu harshe da ma'auni, amma sai wanda ya iya karanta abin da ke rubuce.

Gilashin da ke gabanmu yau

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Tun kafin Zeiss ya yi tunanin rubutu a gilashi, mu mun riga mun cika namu da rubutu. A je kowace tasha a duba. Saman gilashi an manna sunan mai mota da kirarinsa, gefe ga hoton ɗan ƙwallo ko na mawaƙi, ga takardun hukuma na bana da na bara da na bariya ba a ɓamɓare ko ɗaya ba. An rataya labule mai tuntaye, carbi da turare suna lilo a madubi, waya kuma an kafa ta a tsakiya. Wani gilashin ya tsage daga gefe zuwa gefe an bi shi da gam, waifa ɗaya ta mutu tun damina biyu. Abin da ya rage wa direba ya leƙa hanya bai fi faɗin faranti ba.

Ba muna hana kowa rubuta addu'a ko godiya ga Allah a motarsa ba ne. Jikin mota yana da faɗi, bayanta ma haka. Amma gilashin gaba aikinsa guda ne, watau direba ya ga hanya, kuma da wannan ma'auni ya kamata mu auna duk abin da za a ɗora masa, takardar manne ce ta dala ashirin ko ledar hologiram ta Jamus. Haka kuma a san cewa a motocin zamani gilashin gaba manne yake da jikin mota da wani gam mai ƙarfi, yana taimakawa wajen riƙe rufi in mota ta kife, kuma shi jakar iskar fasinja ke dogara da shi in ta buɗe. Tsagagge ko wanda aka manna da gam ɗin banza ba zai yi wannan aiki ba.

Abin da ya rage gare mu

Ga masu zuwa Lome sayen mota, shawara ita ce a tambaya tun a fili ko motar tana da wannan na'ura. In tana da ita, a kunna a gani ko lambar ɗaya ce ko biyu, a bincika ko ana samun irin gilashinta a ƙasar nan da nawa yake, kafin a biya. A tabbata kuma akwai wani agogon gudu dabam wanda zai ci gaba da aiki ko da gilashi ya fashe.

Ga direban da ya sami irin wannan mota, ya rage abin da take nunawa zuwa gudu da gargaɗin haɗari kawai, ya kashe sauran. Ya juya ma'auni zuwa kilomita, ya rage hasken rubutun da dare. Kada ya bar wa na'ura aikin da Allah ya ba idonsa.

Ga shugabannin tashoshinmu na Sokode da Camba da Kambole da Dapango, ba sai sun jira doka daga Lome ba. Suna da ikon cewa motar da gilashinta ya tsage a gaban direba, ko wadda waifarta ba ta aiki, ba za ta yi lodi ba. Suna iya gayyato ma'aikatan lafiya sau ɗaya a shekara su auna idon direbobi. Fasinja ma yana da baki: wanda ya biya kuɗin mota yana da damar cewa, "Malam direba, don Allah a ajiye wayar nan."

Ga iyaye kuwa, maganarmu ta kullum ce. Da can yaro yana iya barin makaranta a aji uku ya shiga gareji, ya zama gwanin makanike da kunne da hannu kawai. Motar da ke tafe tana son wanda zai karanta littafinta da Faransanci ko Turanci, ya san lissafin kusurwa, ya iya haɗa ta da kwamfuta. In 'ya'yanmu ba su iya ba, wasu za su iya, kuma sana'ar da ta riƙe zango shekara da shekaru ta suɓuce mana. A bar yaro ya gama makaranta, in hali ya yi a kai shi ta koyon sana'a, sannan ya shiga gareji da takarda a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar tana tafe a cikin jirgin ruwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kanta. Amin.